Injiniya Muntasir da Fakitin Aro

Duk Limancin Kona babu wanda bai san Muntasir ɗan Malam Mika'ilu ba, saboda babu gidan da bai taɓa aron wani abu a cikinsa ba. Caja, dutsen guga, hula, lema, har tabarau ya taɓa ara alhali idonsa lafiya lau. A yi masa adalci, ba ɓarawo ba ne. Yana mayarwa, sai dai sai mai abu ya yi aike sau uku. Shekararsa ashirin da takwas, kuma tun da ya yi wani kwas na wata shida a kan haɗa shafukan intanet ya hana a kira sunansa gatsau. Shi Injiniya ne. Wanda ya manta ya ce Muntasir, sai ya ɗauke kai kamar da wani ake.

Gidansu gidan allura ne tun kakanni. Malam Mika'ilu shi ne shugaban masu ɗinkin babbar riga na unguwar, kuma mutum goma sha huɗu ke zama a zaurensa kullum, kowa da riga a cinya. Muntasir ya tashi daga wannan tabarma tun yana ɗan sha tara, ya ce yatsunsa ba na allura ba ne. A duniya ba abin da ya tsana kamar wannan zama, kuma uban bai taɓa daina hararar gurbin da ya bari ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Muntasir ya tsaya a tsakiyar zauren ya yi gyaran murya. Ya sanar da su cewa wahalarsu ta ƙare. Ya haɗa musu shafi, wanda mutum yana zaune a Akara ko Jidda zai ga aska takwas ɗinsu, ya latsa, ya yi oda. Kuma ba irin shafukan yara ba ne da ake liƙawa a tafi. Nasa, in ji shi, akwai wata babbar na'ura da ake haya, ana ce mata saba, ita ce za ta riƙa haɗa shafin sabo fil duk lokacin da wani ya buɗe, ta miƙa masa a kammale. Ya ce a duk ƙasar Zazzau mutum biyu suka iya wannan, ɗayan kuma ya koma Legas.

Malam Nasrullahi mai gyaran agogo, wanda shagonsa ke jikin zauren, ya ɗago da gilashinsa a ido ɗaya ya tambaya ita wannan na'ura a wace unguwa take.

"A Turai take, Baba Nasiru."

"To wa ka sani a can?"

"Ai ba sai na san kowa ba."

"Kai ɗin?" in ji tsohon. "Za ka sha wuya."

Malam Mika'ilu bai ɗago kai daga ɗinkinsa ba. Sai da ya ja zare ya gatsa, sannan ya ce Asabar ta sama Alhaji Suhail, dillalin da ke kwasar rigunansu zuwa Abuja, zai zo karɓar rigarsa ta tsamiya da aka yi wata huɗu ana yi. Idan shafin ya buɗe a wayoyin mutane a gaban Alhaji, shagon ƙofar gida da ke kulle ya zama ofishin Muntasir, kuma ba zai sake yi masa zancen allura ba har abada. Idan bai buɗe ba, Lahadi da safe ga tabarma can. Muntasir ya yi dariya, ya ce a kafa shaidu. Da bakinsa ya ƙirga su, har da mai shayi da ya shigo karɓar kofi.

Gaskiya kuma, a kwamfutarsa shafin yana aiki tsaf. Kwamfutar ta mijin yayarsa ce, ya are ta na kwana biyu shekara biyu da suka wuce. Riguna suna fitowa a jere, ka latsa ka ga gaba, ka latsa ka ga baya, har zaren linzami kana iya ƙirgawa. Ya sha ɗaukar hoton allon yana sawa a waya don mutane su gani su yi hassada.

Ranar Talata da hantsi ya tura aikin can Turai, ya naɗe hannu, ya buɗe adireshin a wayarsa. Fari fat, kamar sabon likkafani, sai wata lamba ɗari biyar a tsakiya. A kwamfutar kuma wani jan rubutu ya fito, layi shida. To shi Muntasir yana da ƙa'ida, ba ya karanta jan rubutu. A cewarsa wannan aikin 'yan koyo ne, gwani da ganin launi ya san ciwon. Ya dubi jan, ya dubi katangar zaure mai kaurin kamu biyu, ya yanke hukunci cewa sabis ne ba ya ratsa ginin ƙasa.

Ya aro tsani ya hau soro da kwamfuta a hammata. A birni kuwa kowa ya sani, ko mai yaɓe zai hau soro sai an aika gidajen maƙwabta mata su kimtsa. Injiniya bai aika ba. Kafin ya gama zama gida uku sun aiko da ƙorafi, na huɗun kuwa gidan mai tsanin ne, wanda ya zo ya saɓa tsaninsa ya tafi. Muntasir ya sake turawa sau biyar a can sama, sabis cike taf, shafi fari fat. Rana ta take, ya leƙo ya ga ba hanya, girman kai kuma ya hana shi kira. Sai da aka yi kiran azahar ya biyo indararo, indararon ya biyo shi. Da ya shigo zaure yana ɗingishi da ƙasa a gira, ya ce musu gwaji ya yi, kuma ya tabbatar matsalar ba ta sabis ba ce. Malam Nasrullahi ya ce madalla, ilimi ya ƙaru, indararo ya ragu.

A nan sai an ɗan yi bayani, don shi kansa mai aikin bai san abin da ke faruwa ba. Irin wannan shafi ba a rubuta shi duka da hannu. Akwai ƙananan fakiti da wasu suka riga suka rubuta, wannan na lissafin kwanan wata, wancan na rage wa hoto nauyi, sai mutum ya ɗauko ya haɗa. Kowane aiki yana da jerin kaya, inda ake rubuta sunan duk fakitin da yake bukata. Saba ba ta san komai ba sai wannan jeri. Abin da ta gani a ciki ta nemo, abin da ba ta gani ba babu ruwanta. Ita kuwa kwamfutar gida tana da wani hali: idan ta nemi fakiti a cikin foldar aiki ta rasa, sai ta leƙa foldar da ke samanta ko za a dace. A can sama kuwa akwai tarkacen kwas ɗin Muntasir, cikinsu har da fakitin rage nauyin hoto. Wata uku cur shafin yana leƙawa can yana ɗauka, sunan fakitin bai taɓa shiga jeri ba. A takaice dai, shafin ya ɗauko halin mai shi.

Laraba ya tashi da sabon tunani. Ya ce saba yunwa take ji, kayan da ake tura mata ba sa isarta. Saboda haka zai kwashi foldar fakiti gaba ɗaya ya ɗora mata da hannu, fayil dubu arba'in da ɗaya. Datarsa ta ƙare a fayil na dubu biyu. Sai ya bi zauren waya-waya, yana cewa a ɗan buɗe masa data na minti biyar, aikin ƙungiya ne. Kafin la'asar ya tsotse mutum goma sha huɗu tas. Mai sauraron karatu a waya ya koma jin tarin maƙwabcinsa, mai jiran hoton jikarsa daga Kaduna ya haƙura. Da fayil na ƙarshe ya wuce, Muntasir ya miƙe ya ce kowa ya shaida. Ya latsa. Fari fat, ɗari biyar, jan layi shida. Ya kai kaya dubu arba'in da ɗaya, guda ɗayan da ake nema ba ya ciki, yana can foldar sama a zaune.

Wani dattijo ya juya wayarsa ya kife ta a kan tabarma, ya ci gaba da ɗinki.

Alhamis ba wayar da ta rage a Limancin Kona da za ta buɗe masa, sai ya hau keke zuwa Kusfa gidan yayarsa Radiya. Ita ce ke haɗa rigunan zauren a kwali ta aika tasha, shekara tara tana wannan aiki ba a taɓa cewa ko hula ta ɓata ba. Ya same ta a tsakar gida da kwalaye, tana duba takarda tana sa kaya. Ta zuba masa dambu, ta buɗe masa data, ya baje a kan tabarmarta yana ƙorafin yadda Turawa suka lalata na'urorinsu. Da ta zo wucewa da igiya ta tsaya a bayansa ta karanta layin farko na jan rubutun, don ta yi boko har difloma.

"Muntasir, ai ga shi ta faɗa maka. Wani abu ta nema ba ta samu ba, har sunansa ta rubuta."

"Yaya, Injiniya."

"To Injiniya. Abin da ta nema, ka rubuta mata shi a takardar kaya?"

Ya ajiye cokali ya yi mata bayani a hankali, irin wanda ake yi wa marar lafiya. Ya ce abu yana aiki a gabansa wata uku, ta yaya za a ce wani abu ya ɓata. Ya ce wannan ilimi yana da zurfi, ba a shigarsa da igiyar ɗaure kwali a hannu. Radiya ta ce ita dai abin da ta sani, direba ba ya ɗaukar abin da ke zuciyarka, abin da ke takarda yake ɗauka. Muntasir ya yi murmushin tausayi ya ce nan ba tasha ba ce. Ya cinye dambun, ya nemi ƙari.

Daga nan ya shiga zaurukan intanet inda masu irin aikinsa ke ba juna shawara. Bai rubuta musu abin da jan rubutun ya ce ba, tunda bai karanta ba. Ya dai nemi maganin farin shafi, ya samu shawara goma sha ɗaya daga mutane goma sha ɗaya masu ciwo daban-daban, ya haɗa su duka ya ɗura wa aikin. Wani ya ce a sauya tsarin da fayiloli ke kiran juna daga tsohon yayi zuwa sabo, ya sauya rabi ya gaji ya bar rabi. Wani ya ce a goge kaza, ya goge. Da ya tura, jan rubutu ya tashi daga layi shida zuwa layi arba'in. Ya dawo gida da fulas ɗin Radiya a hannu, ya sanar da zaure cewa an samu gagarumin ci gaba: da can na'urar ba ta son magana, yanzu ta saki baki. Malam Nasrullahi ya ce shi ma a shagonsa agogon da ya fi kowanne ƙara shi ne wanda ya lalace.

Juma'a da safe, ko da yake bai faɗa wa kowa ba, Injiniya ya fara neman ƙofar baya. Ya yi shawara da kansa cewa gobe zai haska shafin da majigi kai tsaye daga kwamfutarsa, tsofaffi ba za su bambance na gida da na Turai ba. Sai kwamfutar ta fara kukan cewa ta cika, don ya tara mata kwafi: shafi, shafi sabo, shafi na gaske, shafi na gaske na ƙarshe, da shafi na gaske na ƙarshe biyu. Ya ce bari ya yi shara. Bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, don kowanne yana da tarihi a wurinsa. Idonsa ya faɗa kan tarkacen kwas ɗin da ke foldar sama. Ya ce injiniya kamarsa me zai yi da kayan ɗalibta, ya share su, ya kuma share kwandon sharar. Ya tafi masallaci da hular Malam Nasrullahi a kansa, ransa fes.

Da ya dawo ya buɗe mafi tsufan kwafin, wanda bai taɓa ba shi matsala ba. Fari fat. Ya buɗe na gaske, ya buɗe na ƙarshe, ya buɗe na ƙarshe biyu. Duk sun haɗa baki. A karon farko tsoro ya kama shi sosai, ya zauna yana kallon yatsunsa. Daga zaure yana jiyo ƙarar almakashin ubansa. Amma Muntasir ba ya daɗewa a cikin tsoro. Ya tuna hotunan allon da ya ɗauka lokacin da abin ke aiki, suna nan a wayarsa guda tara. Idan ya haska su ɗaya bayan ɗaya yana motsa yatsa, wa zai gane?

Asabar bayan la'asar zauren ya cika har waje. An rataya farin yadi a bango, an aro majigi daga makarantar Islamiyya, an aro janareta, an aro kujera mai hannu saboda babban baƙo. Mata suna soron ciki bayan labule, Radiya a cikinsu, ita ta kawo zoɓo da cincin. Alhaji Suhail ya iso, mutum mai ƙiba da sanyin magana, aka gaisa, Malam Mika'ilu ya miƙa masa rigarsa a naɗe cikin takarda, ya ɗora a cinya.

Muntasir ya yi jawabi na minti ashirin. Ya fara daga tarihin allura, ya bi ta kan jirgin ƙasa, ya sauka a kansa. Sannan ya roƙi jama'a kowa ya bar wayarsa a aljihu, don idan aka taru a kan na'urar lokaci ɗaya za a yi mata nauyi. Mutum goma sha huɗu suka dubi juna, tunda ko sun fito da wayoyin ba abin da ya bar musu a ciki. Ya haɗa tasa da majigi. Riguna suka bayyana a jikin yadi, manya-manya, zare na sheƙi. Aka yi kabbara a hankali. Har Malam Mika'ilu ya ɗan ɗago.

Alhaji Suhail ya nuna wata shuɗiya ya ce a latsa masa ita ya ga bayanta. Muntasir ya ce bayan riga yana cikin kashi na biyu na aikin. Alhaji ya ce to a matso da aljihun. Muntasir ya ce aljihu yana kashi na uku. Ya yi maza ya ja hoto na gaba.

Malam Nasrullahi kuwa tun da aka fara ba riga yake kallo ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyaran agogo, duk inda lokaci yake nan idonsa ke zuwa, kuma a ƙuryar sama ta hoton akwai ɗan agogon kwamfuta.

"Injiniya, agogon nan naka tara da minti goma sha huɗu yake tun da muka zauna."

"Lokacin Turai ne, Baba Nasiru."

"A Turan lokaci ba ya tafiya ne?"

"Yana tafiya, sai dai a hankali."

"To ka kawo mini shi shago."

Aka fara 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Muntasir ya rikice, yatsansa ya shiga gudu, yana jan hoto bayan hoto don ya wuce wurin. Bai ƙirga ba. Hotunan allo tara ne, ya ja na goma. Sai ga Injiniya da kansa ya cika bango, tsayin mutum biyu, a wurin wani ɗaurin aure a Kusfa mako biyu da suka wuce. Ya baza hannuwa, ya karkata hular Malam Nasrullahi, farantin shinkafa a gabansa. A jikinsa kuwa babbar riga ce ta tsamiya, aska takwas, wadda duk mai zama a zauren ya san kowane zare nata.

Alhaji Suhail ya dubi bango, ya dubi ƙunshin da ke cinyarsa. Ya warware takardar a natse, ya zura hannu a aljihun rigar, ya zaro katin ɗaurin aure da tsinken sakace.

"Malam Mika'ilu," in ji shi, "ashe rigar tawa ta riga ni zuwa biki."

Sannan ya ciro wayarsa ya buɗe adireshin da aka rubuta da alli a ƙofar zaure, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Fari fat, ɗari biyar. Malam Mika'ilu bai ɗaga murya ba, bai ko dubi ɗansa ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma, kunya ta rufe shi a gaban mutumin da suka shekara ashirin suna hulɗa. Wannan ya fi yi wa Muntasir ciwo a kan dariyar, ya tsaya tsuru-tsuru da waya a hannu, hotonsa na ci gaba da murmushi a bayansa.

Daga bayan labule muryar Radiya ta fito. "Baba, a miƙo mini kwamfutar nan, da mai riƙe da ita."

A soron ciki, a gaban mata takwas da tulun zoɓo, ta zaunar da shi. Ta ce da farko duk abin da ya taɓa tun Talata ya mayar da shi yadda yake. Allah ya taimake shi, ma'ajiyar da yake tura aikin tana riƙe da kwafin Talata, ya dawo da shi. Jan rubutu ya koma layi shida. Ta ce ya karanta na farko da ƙarfi kamar a makarantar allo. Ya ce ba sai an yi haka ba. Ta ce ya karanta. Ya karanta: an nemi fakiti mai suna kaza, ba a same shi ba. Ta ce ya buɗe takardar kayan. Suka bi jerin da yatsa tun daga sama har ƙasa, sunan ba ya ciki. Can Muntasir ya tuna sharar da ya yi jiya, ya faɗa mata da ƙaramar murya inda fakitin ya kasance duk watannin nan. Ta tambaye shi sa sunan a jeri aikin kwana nawa ne. Ya ce layi ɗaya ne. Ta ce to rubuta.

Minti shida aka yi. A zaure Alhaji Suhail yana shirin tashi, ya sake taɓa wayarsa don ya kashe, sai ga riguna. Ya latsa shuɗiyar, ta juya masa baya. Ya matso da aljihu, ya ga zare. Ya koma ya zauna, wayar ta shiga zagaya hannuwa, kowa yana neman ɗinkinsa. Muntasir ya fito daga labule ƙirji a gaba, ya gyara hula, ya ce kamar yadda ya faɗa musu tun farko.

"Zauna," in ji Malam Mika'ilu.

Ya zauna. Uban ya juya wajen labule ya tambayi Radiya me ya sami abin tun Talata. Ta ce, "Aro yake yi, Baba. A nan gida in ya rasa abu sai ya leƙa maƙwabta ya ɗauka. Da ya je inda bai san kowa ba, sai ya tsaya." Ba wanda ya yi dariya. Mutane suka riƙa gyaɗa kai kawai, kamar an faɗa musu sunan uban wani yaro da suka daɗe suna ganin kama.

Alhaji Suhail ya ce shafi ya yi, zai tura wa abokan cinikinsa yau ɗin nan, kuma a nan zaune ya latsa odar riga uku don ya ga ko da gaske ne. Amma rigar da ta ci shinkafar biki ba zai sa ta ba, a yi masa wata irinta. Malam Mika'ilu ya ce za a yi, kuma ya san wanda zai yi ta. Shagon ƙofar gida kuwa ya ce a ba Radiya mabuɗi, ta dawo da kwalayenta nan, ta riƙa duba oda.

Muntasir ya ce a yi adalci, shaidu suna nan, shafi ya buɗe a gaban Alhaji, kuma da yatsansa aka rubuta layin.

"Allura ma ita ke shiga yadi," in ji uban, "ban taɓa ba ta shago ba."

Shaidun da ya ƙirga da bakinsa aka tambaya ɗaya bayan ɗaya. Har mai shayi ya ce tabarma.

Lahadi da safe Muntasir ya zauna a gurbin da ya bari shekara tara, yadin tsamiya a cinya, zayyanar aska takwas tana kallonsa. Gwani wata huɗu yake yi a kanta. Ya shaida wa na kusa da shi cewa shi zai gama a wata ɗaya, don akwai wata dabara da ba a sani ba a nan. Sai ya laluba ya ga ba shi da allura. Ya duba dama, kowa ya sunkuya. Ya duba hagu, kowa ya sunkuya. Ya leƙa ta ƙofa wajen Malam Nasrullahi, wanda ba ya rasa allura a gwangwanin kayan gyaransa, ya ce a ɗan ara masa ɗaya na minti biyar.

Tsohon bai cire gilashi daga ido ba. "An nema, ba a samu ba," in ji shi. "Nan Turai ne, Injiniya. Ba ka san kowa ba."

Haka Muntasir ya miƙe ya nufi kasuwa a ƙasa, zai sayi abu na farko da zai kira nasa. Ya fita yana faɗa wa mai shayi cewa a duk Zazzau ba wanda ya kai shi sanin allura mai kyau. Sai da ya sha kwana Malam Nasrullahi ya tashi zai yi alwala, ya duba bakin ƙofa ya ga babu takalminsa.